Miƙa Ce, Amma Wa Ka Miƙa Wa?

Gidan Nomau,
Ƙasar Malumfashi,
Lokacin girbin dawa.

Zuwa ga ɗana Iliya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata Zariya ta karɓe ka lafiya, kai da yaran da aka ba ka ka koyar. Ubangiji ya tsare ka daga sharrin hanya, da ruwan birni, da abokin da dariyarsa ba ta wuce haƙora. Innarka tana gaishe ka. Yayarka ce ke riƙe da alƙalami, ta zo taya mu girbi na zaunar da ita a zaure, na ce ta rubuta yadda magana ta fito daga bakina, kada ta gyara mini ita irin ta 'yan boko. In ka ci karo da kalma mai laushi a ciki, tata ce, ba tawa ba.

Labarin dawa da awaki ba shi ya sa na aiko ba, in ka zo ka gani da idonka. Ga abin da ke ƙasa. Dattawan ikilisiya sun zauna a kanka. Markus, ɗaya daga cikinsu, ya kai ƙara cewa kana yi wa rana sujada a bayan rumbuna. Ni kuma na tashi a gabansu na ce ɗana ba ya bauta wa rana, in ta tabbata yana yi, zan sauka daga kujerar dattijo in koma bencin baya inda baƙi ke zama. Fasto ya ce a jingine maganar sai ka zo Kirsimeti ka faɗa da bakinka. To ka ji, na ɗora kujerata a kan kalmarka, alhali ni kaina ban gama yarda da kai ba. Don haka ka nemi wuri ka zauna, maganar tana da tsawo.

Zan fara da abin da idona ya gani, don kada ka ce jita-jita na bi. Da daminar nan da ka gama kwalejin malamai ka dawo, na fito da sassafe zan kwance awaki, sai na tarar da kai a bayan babban rumbu, ka shimfiɗa tabarma, ka fuskanci gabas, rana tana hudowa. Ka haɗa tafin hannu a ƙirji, ka ɗaga su sama, ka sunkuya har goshi ya kusa gwiwa, ka kwanta rub da ciki ka ɗago kai kamar ƙadangare, ka turo gindi sama kamar karen da ya tashi daga barci. Na tsaya ina tunanin ko ciwon ciki ne. Da ka gama na ce, "Kai, mene ne wannan?"

Ka ce, "Baba, yoga ce. Malaminmu na lissafi, Ba'indiyen nan, shi ya koya mana. Miƙa ce kawai."

Na ce, "Ni ma ina miƙa in na tashi. Ban taɓa neman tabarma ba, ban taɓa neman gabas ba."

Ka yi dariya ka ce ai wannan ɗin ma sunanta gaisuwar rana. Da bakinka ka faɗa, ba Markus ne ya ƙaga maka ba. Na ce, "To da ka gaishe ta, ta amsa?" Ka ce suna ne kawai. Iliya, ni a gidan da na tashi, suna ba ya zama suna kawai. Ba a kiran abu da sassafe a ce ba a so ya waiwayo.

Ko Malam Idi maƙwabcinmu da ya hango ka ta kan danga, cewa ya yi, "Nomau, ɗan nan naka musulunta zai yi ne? In ita ce, gaya masa ko mu ba ma sa goshi a ƙasa daidai hudowar rana." To, Musulmi ya ƙi ta, Kirista bai san ta ba, ta wane ne?

Sai kuma ranar da innarka ta same ka a miƙe a ƙasa, hannu a sake, ido a rufe, ƙuda yana yawo a kan hancinka ba ka kore shi ba. Ta yar da ƙwaryar koko ta kurma ihu. Ka buɗe ido ka ce, "Inna, kwanciyar gawa ake ce mata, hutu ce." Wane mai hankali ne ke koyon kwanciyar gawa tun yana da rai? Baƙon da zai zo ko ba a kira shi ba, ba a share masa ɗaki tun da ƙuruciya.

Ka ce miƙa ce. Ban yi makaranta ba, amma Hausa ba ka fi ni ba. Akwai miƙar da jiki ke yi ya ji daɗi, akwai kuma miƙa wuya. Da baki ɗaya ake faɗinsu, kuma ni na ga mutanen da suka shiga ta biyu ta ƙofar ta farko. Ni ne ma na farkonsu.

Tun kana yaro kake ganina ina tafiya a lanƙwashe kamar lauje. Ga asalinsa. Ina saurayi, lokacin muna Maguzawa sosai, ba a yi mini baftisma ba, aka kira gayya a wata gona wajen Bakori. An dafa giya, makaɗa sun zo, 'yan mata sun jeru a bakin gona. Mai ganga ya kama ni da kirari, wai Nomau garma ta gaji kai ba ka gaji ba. Sai na ƙi ɗagowa. Kowa in ya kai ƙarshen kunya ya miƙe ya sha ruwa, ni kuwa in juya in kama wata. Ina cikin haka na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna kamar an karya kara. A kan jaki aka maido ni gida, mai gangar kuwa ya koma yi wa wani kirari tun kafin jakin ya bar gonar. Fatar akuya da ɗan sanda na bari suka gaya wa jikina abin da zai iya. Kai ma in Ba'indiyen nan ya ce maka madalla, ƙara lanƙwashewa, ka tuna kai za ka kwana da ciwon, ba bakinsa ba. Jiki magayi ne, in ya ce tsaya ka tsaya, ko wa ke tafi.

Kakanka ya kai ni gindin tsamiyar gidanmu. Ya yanka jan zakara, ya shafa mini jinin da wani magani a ƙugu, ya riƙa jan ƙafafuna yana kiran sunayen da ba zan sa yayarka ta rubuta ba. Ka buɗe kunne a nan: na warke. Ba zan yi ƙarya don in faranta wa Fasto ba. Kafin kaka ina ɗaukar dami a kai. Amma da shekara ta zagayo ciwon ya leƙo, aka ce tsamiya tana son wani zakara. Shekarar gaba ta ce bunsuru. Aka hana ni bin wata hanya ranar Laraba, aka hana ni aski sai an tambaya. Na je neman ƙugu na dawo da ubangida. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka kada ka zo mini da maganar ai tana warkarwa. Warkarwa ba shaida ba ce, tsafi ma yana warkarwa da farko. Abin tambaya shi ne, bayan ta warkar me za ta nema?

Kuma ban makance ba. Na ga fukar nan taka ta yi sauƙi. Kai da kowace damina ƙirjinka ke kukan kyanwa har innarka ta kasa cin tuwo, bana ka yi huɗa tare da mu ba ka koma gindin kuka kana haki ba. Kafaɗarka ta miƙe, tafiyarka ta zama ta mutum mai ƙashi. Na gani. Ganin ne ma ya hana ni sakewa.

Ga wata kuma. Shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, ciwon bayan ya sake tasar mini. Lokacin na riga na bar tsamiya. Na kai auduga Funtua, na tarar da wani mutum a kasuwa da lasifika a kan keke yana cewa allurarsa tana maganin ciwon baya, da basir, da shawara, da rashin barci, har da mugun mafarki. Na bi shi bayan rumfa na sassauta wando ya soka mini ita. Ƙafar hagu ta kumbura kamar kabewa, na ci rani na shiga damina a kan tabarma. A shekarar ce Markus ya ce zai taimaka ya nome mini gefen gonar fadama kada ta yi ciyawa. Har yau bai gama taimakon ba, bana ma rake ya sa. To ranar da na tambaye ka amfanin wannan yoga, ka tuna abin da ka jero mini? Baya, barci, hawan jini, cushewar ciki, har da fushi. Na ji kamar mai lasifikar nan ne ya koyi karatu. Duk abin da aka ce yana maganin komai, ka riƙe wandonka da kyau. In zazzaɓi ya kama ka a Zariya ka tafi asibiti kamar kowa, kada ka tsaya da ka a jikin bango ka ce jini zai wanke shi. Kuma in kana kwance, kada ka ba kowa aron gona.

Maganar nama ma ban manta ba. An yanka maka ɗan akuya na sallama, ka ɗauki yanka ɗaya ka ture kwano, wai malaminku ba ya cin nama, wai jiki ya fi sauƙi. A gidan kakanka ma akwai naman da ba a ci, kan gida ake ce masa, kowace zuriya da nata. Duk abin da ya fara shiga tsakanin mutum da kwanonsa, a bincika, yana da mai shi. Innarka ta daɗe tana kallon kwanon nan. Ka ci nama.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne ranar da ka bar garma a ruwa. Na yi maka faɗan da ko jaki sai ya tanka. Ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali, ka ce, "To Baba, ka yi haƙuri." A gidanmu ba a haƙuri da wuri haka. Ni da ubana in muka fara sai maƙwabta sun shigo. Innarka ta ce ai alheri ne yaro ya yi sanyi. Na ce sanyin tulu na sani, na san kuma na maciji, bari mu gani.

Da ka tafi, Markus ya fara yawo da maganarka, bakin rijiya, ranar kasuwa, har ƙofar majami'a. Ni ma kuwa ban san gaskiyar abin ba. Takarda ba na karantawa, amma iskokin bori na san karatunsu. Gwaggona 'yar bori ce, a gabana ake hawanta tun ina riƙe da zanenta. Na san yadda suke zuwa: hamma, sanyi daga tafin ƙafa, ido ya juye, murya ta zama ta wani, in za su sauka a yi atishawa. Na ce in akwai wani a cikin wannan abu zai zo, kuma in ya zo zan gane shi. Gara ya tarar da tsoho mai baftisma wanda ya san fuskarsu, da ya tarar da yaron da bai taɓa ganin ko zakaran tsafi ba.

Sai na shiga ɗakin da muke ajiye kayan noma, da hantsi, bayan rana ta yi nisa yadda ba mai cewa gaishe ta nake yi. Na juya wa gabas baya. Na ɗora Littafi a kan buhun taki, ba na karanta shi amma ya san ni. Na yi yadda na ga kana yi. Ranar farko na sauka ƙasa na kasa tashi, sai da na kira innarka. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa ta ce, "Maigida, in kai ma mutuwar kake koyo, ka bari a gama girbi."

Na ce, "Ɗaga ni, bincike nake yi."

Na ci gaba da binciken kullum. Ina yi ina kasa kunne, ina jiran sanyin nan daga tafin ƙafa. Abin da ya zo shi ne gumi, da rawar cinya, da ƙarar gaɓoɓi kamar ana taka busasshen kara. Iska kam ta zo, amma ta ƙasa ta fita, irin wadda ba a yi wa ganga. Yayarka tana dariya, na ce ta rubuta haka nan, gaskiya ba ta jin kunya.

Tsayuwa da ka ma na gwada, sau ɗaya, a jikin bango. Duhu ya rufe mini ido, kunnena ya ɗauki ƙara, wuyana ya sandare. Na yi kwanaki in aka kira ni sai in juya gaba ɗaya kamar kura. Wannan kuskurena ne, ba na kowa ba, na gayya ne ya dawo da furfura. Kada ka kuskura ka koya wa tsoho wannan. Allah ya ba kai hula, ya ba ƙafa takalmi, bai rikice ba.

Amma ta ƙadangaren nan, da ta karen, da wadda ake kwanciya a jawo gwiwa zuwa ƙirji a yi ta numfashi a hankali, su na riƙe. Wata ya mutu wani ya tsaya. Ran nan da safe na ga na tashi daga gado ban dafa bango ba. Ban gaya wa kowa ba. Barcina da yake yankewa kamar tsohon zare ya fara kai ni asuba. Da aka fara girbi na sunkuya na ɗaure dami da hannuna, na hau tsanin rumbu, innarka tana ƙasa tana ce mini in sauko kafin in mayar da ita gwauruwa. Gwiwar hagu tana nan da ciwonta tun na allurar Funtua, haƙorina ma bai ji labari ba, don haka ba maganin komai ba ce, ka rage jerin nan naka. Amma ciwon bayan ya saki, wannan ba zan ɓoye ba. Sai dai ban gode wa kowa ba tukuna. Tsamiya ma haka ta fara.

Rannan ina ciki, gindi a sama kai a ƙasa, sai aka yaye asabarin ƙofa. Markus ne, wai aron lauje ya zo. Ya tsaya ya ƙare mini kallo ya ce, "Ikon Allah. Dattijo Ayuba, ashe abin na gida ne. Yau ɗa ya yi gudu, barewa tana rarrafe."

Na amsa masa ta tsakanin ƙafafuna na ce, "Dattijo Markus, wanda ke shiga gonar mutane ba sallama, ai ba zai yi ta a ƙofar ɗaki ba."

Ko laujen bai ɗauka ba. Lahadi bayan sujada aka ce dattawa su tsaya. Markus ya tashi ya gyara riga ya ce da ɗa kaɗai yake ƙara, yanzu har da uban. Ya ce Bamaguje ko a kogi aka yi masa baftisma, tsamiya ba ta daina kiransa. Shi da kakansa ya fi nawa yanka, amma a bar wannan. Fasto ya dube ni ya ce, "Baba Ayuba, me za ka ce?"

Na ce, "Fasto, a fara da addu'a tukuna, kamar yadda aka saba."

Ka san tun kafin ka shiga makaranta, in dattawa suka durƙusa ni a kan benci nake zama in sunkuyar da kai, don bayan ba ya yarda. Ran nan na jingine sandata, na sauka a kan gwiwa biyu tare da kowa. Da aka ce amin na tashi ba wanda ya miƙo mini hannu. Kowa ya juyo yana kallona.

Markus ya ce, "To wa ya kwance masa bayan? Abin tambaya ke nan."

Iliya, abin da ya ƙona mini rai shi ne tambayar daidai take. Ita nake yi wa kaina kullum a ɗakin nan. Tunda nake da Markus bai taɓa faɗin magana daidai ba sai ran nan, kuma ba zan yafe masa ita ba.

Na ce musu ni yamma na fuskanta, ban gai da kowa ba, ban kira sunan kowa ba, ba kuma wanda ya zo. Gwiwar da ta lanƙwashe, a gaban Ubangiji ta lanƙwashe, kun gani. Jikina na gwada, na san abin da ke cikinsa. Zuciyar ɗana kuwa ban shiga ba, amma na tsaya masa, ga kujerata. Daga nan ne Fasto ya ce sai Kirsimeti.

Yanzu ga abin da nake so ka yi, kuma ba shawara nake nema ba. Na ji an ce Ba'indiyen nan ma an mayar da shi Zariya. Ka je ka same shi ka tambaye shi kai tsaye, ba da kunyar ɗalibi ba: a ƙasarsu in aka gai da rana, wa ake nufi? Gurnanin nan da yake koya muku, wanda na ji kana yi kamar ƙudan zuma a cikin tulu, sunan wa ne? Ka dubi idonsa lokacin da yake amsawa. Ban ce mugu ne ba. Kakanka ma mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma da zuciya ɗaya ya kai ni tsamiya. Mai ba ka abin da ya gada ba ya ganin igiyar da ke jikinsa, don shi a wuyansa ya tashi da ita.

Kafin ka samu amsa, ka juya wa gabas baya, ka bar gurnanin, ka bar kiranta gaisuwa. In amfanin a cikin miƙar yake, zai yi aiki ko ina ka fuskanta, ga ni nan shaida. In kuwa ka ji ba ta yi maka daɗi sai ka ga rana a gabanka, to ka samu amsarka ba sai ka tambayi kowa ba.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Lokacin da aka yi mini baftisma na dawo gida da zafina. Na tarar kakanka ya tara 'yan'uwansa a gindin tsamiya za a yi yankan shuka. Na shiga tsakiyarsu na farfasa tukwanen, na tattara layu da ƙahoni na cinna musu wuta, kowa yana kallo. Ban ce barin tsafi kuskure ne ba, gobe ma in aka maido ni zan bari. Amma ranar da na zaɓa da idon da na zaɓa, su ne ba daidai ba. Tsohon bai zage ni ba, shi da ba ya raga wa kowa. Ya dube ni ya ce, "Nomau, da ka gaya mini a hanya, da na kawar da kaina." Daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Muna gida ɗaya, muna gaisawa, innata tana zuba tuwo a kwano biyu.

Ni ba na son in ji labarin ɗana a gaban Markus. Ranar da za ka zo, ka aiko a gaya mini. Zan jira ka a tashar motar Malumfashi, mu tako zuwa gida da ƙafa ni da kai, bayana zai iya yanzu, ko ma wa ya kwance shi. A hanyar nan za ka gaya mini wace miƙar ce. In ta jiki ce, mu shiga majami'a tare in ga yadda Markus zai haɗiye harshensa. In kuwa wuya ka miƙa, ka faɗa mini a nan tsakanin karan dawa inda ba kowa, kada ka yi mini ƙarya don kujera. Ni da ƙafata zan koma bencin baya, ba wanda zai tashe ni. Zan yi maka faɗa, wannan kam ka shirya numfashinka, zan kuma yi ta yi har sai ka dawo hanya ko ƙasa ta rufe mini ido. Amma kwano ɗaya za a zuba mana ran nan ko wace miƙar ce, na riga na gaya wa innarka. Da nama a ciki, kuma za ka ci.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka, ya tsare ƙirjinka daga fuka, ya tsare wuyanka daga igiyar da ba ka gani ba. Ya kawo ka gida lafiya, ya same mu lafiya. Yayarka ta ce hannunta ya gaji, na ce ta yi miƙa, amma ta fuskanci yamma.

Ni ne ubanka,
Ayuba Nomau.